Gaisuwa Kowane Rabin Awa

Auta bai taɓa cika minti biyar a ɗakin Baba ba. Kullum da safe zai tsaya a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, takalmi a ƙafa, ya ce, "Sannu Baba, ya ƙafar?" Kafin tsohon ya gyara zama ya amsa, sai dai a ji ƙarar ƙofar gida.

Baba mai gyaran agogo ne. Shekara arba'in ya yi a sunkuye kan wani ɗan tebur a bakin kasuwa, gilashi maƙale a ido ɗaya, ƙananan kusoshi a cikin murfin kwalba. Ya so Auta ya gama makaranta, bai gama ba. Ya so ya zauna kusa da shi ya koyi sana'a, ya yi kwana tara ya gudu. Ranar da ya gudu ɗin Baba ya ce masa a gaban maƙwabtan rumfa, "Kai ko mataccen agogo ya fi ka, shi aƙalla yana zama inda aka ajiye shi." Tun daga ranar magana tsakaninsu ta koma gaisuwa kawai. Shekara shida ke nan.

Sai ciwon suga ya buɗe wa Baba gyambo a ƙafa, likita ya ce ba shi ba kasuwa. Mutumin da ya saba da surutu daga safe zuwa yamma ya koma kallon silin. Wata safiya Mama ta tare Auta yana ɗaure igiyar takalmi.

"Ka riƙa zama da shi mana, ko rabin awa ne. Ni na ji labaransa har na haddace. In ya fara ni nake ƙarasa masa, shi kuma haushi yake ji."

"Mama, aiki."

"Aiki. Kai kaɗai Allah ya ba aiki a duniyar nan."

Bai zauna ba. Dabara ya yi.

Kamfanin da Auta yake wa aiki na'urar hira suke tafiyarwa, irin wadda aka ɗura wa rubuce-rubuce iya ɗurawa har ta iya mayar da magana kamar mutum. Shi ba injiniya ba ne. Shi ne mai jan waya, mai wanke matatar iska, mai cire katin ƙwaƙwalwar na'ura in ya ƙone ya sa wani. Yana yini a wani ɗaki mai sanyi kamar cikin firji, tsakanin dogayen akwatunan ƙarfe, fankoki suna gunji har sai mutum ya ɗaga murya. Aikin ya dace da shi, domin ba a zama. Kowane ma'aikaci an ba shi damar hira kyauta da sunansa, shi kuma bai taɓa amfani da tasa ba. Ya saka manhajar a wayar Baba, ya nuna masa inda zai danna ya yi magana.

Baba ya juya wayar gaba da baya. "Wannan kuma wane ne?"

"Abokin hira ne, Baba. Ba ya gajiya, ba ya katse mutum."

"To. Ka kawo mini wakili ke nan."

Bai yi dariya ba da ya faɗa. Amma sunan ya zauna. Cikin mako guda gidan ya saba da jin muryar Baba ta bayan labule: "A'a Wakili, ba haka ake sa wa agogo mai ba, wa ya koya maka?" Wata huɗu suka yi a haka. Baba bai san ana buɗe sabuwar hira ba, don haka guda ɗaya ce tun ranar farko, tana ta tsawo kamar igiyar shanya.

Wata Laraba da hantsi ya shiga banɗaki da wayar a aljihun gaba, ya faɗi. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Wayar kuwa a cikin bokiti aka tsinto ta. Mai gyaran waya na bakin layi ya buɗe ta, ya hura, ya gasa, ya girgiza kai.

Da la'asar, bayan an dawo daga kai shi, gida cike da mutane, Mama ta ja Auta bayan ƙofar kicin. Idonta ya kumbura amma muryarta a tsaye take.

"Akwai abin da zan gaya maka kar in manta. Makon farko da ka ba shi abin nan, ya yi wuni guda yana ba shi labarinka. Ina nan ina aiki, sunanka kawai nake ji. Da na leƙa na ga yana share ido da hannun riga. Na ce lafiya? Ya ce, ba da ke nake ba, in ya tambaya Wakili zai gaya masa."

Auta ya ji kamar an zare masa wani abu daga ƙarƙashin ƙafa. Ba don maganar kaɗai ba. Don ya san yadda abin yake aiki.

Kamfaninsu yana alfahari da abu guda: ba ya ajiye maganar kowa. Rubutun hira a wayar mai ita yake zama. Abin da ke wurinsu wani abu ne daban. Na'urar ba ta komawa ta karanta hira tun daga farko duk sanda aka yi mata magana, in da haka ne da kowa ya yi furfura yana jiran amsa. Sau ɗaya take karantawa, ta yi lissafinta, ta ajiye sakamakon a ƙwaƙwalwar kati, kusa da hannu, kamar yadda Baba yake zuba kayan cikin agogon da yake gyarawa a faranti a gabansa. Wannan farantin shi suke kira kash. Ba kalmomi ba ne a ciki, lambobi ne zalla, ba mai iya karanta su sai na'urar da ta rubuta su. Kuma farantin ƙarami ne, masu so dubbai. In wuri ya ƙure, wadda ta fi daɗewa ba a taɓa ta ba ita ake zubarwa. Ba wanda yake kuka da haka, domin in mai hirar ya dawo, wayarsa za ta sake aiko da rubutun a sake lissafi.

Amma wayar Baba tana can a buɗe kan teburin mai gyara, cikinta ya ƙone. Duk abin da tsohon ya faɗa a wata huɗu, babu shi ko'ina a duniya sai a kan kati na shida, a akwati na biyu daga ƙofa. Hirar ma'aikaci ana yi mata alfarmar kwana ɗaya in ba cunkoso. Baba ya taɓa tasa da sassafe.

Auta ya ratsa masu ta'aziyya, ya shige ɗakinsa, ya buɗe kwamfutarsa a kan gwiwa. Hirar da sunansa take, yana da hanyar shiga. Allon ya buɗe fari fat, ba rubutu ko ɗaya, amma lambar hirar tana nan da rai. Ya daɗe yana kallon wurin rubutu. Sannan ya buga kalmar da bakinsa ya fi sabawa da ita.

"Sannu."

Amsa ta zo kafin ya ɗauke yatsa. "Sannu Baba! Ya ƙafar yau? An canja bandejin kuwa? Jiya mun tsaya a labarin agogon tashar jirgi, wanda ka ce ya yi shekara uku yana gaba da minti bakwai ba wanda ya lura. Ina jiran in ji yadda ka gano."

Ya rufe kwamfutar kamar ta ƙone shi.

Bai tambaya ba ranar. Ya ce gida cike yake, ba a irin wannan magana cikin hayaniya. Washegari ma bai tambaya ba. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji. Hawaye iri biyu ne, kuma Mama ba ta san wane iri ta gani ba. In Baba ya wuni ne yana warware maganar mataccen agogo dalla-dalla fa? Muddin bai tambaya ba, maganar tana iya zama kowace iri. Don haka kullum da safe sai ya buga "Sannu," ya kawar da ido daga amsar, ya rufe. Gobe, in ji shi. In na samu natsuwa.

Mako biyu bayan rasuwar, wata Litinin da tsakar rana, jama'a suka yi wa na'urar caa. A bangon ofis akwai babban allo mai nuna kowane kati, kowace hira kamar ɗan sanda a kwance, sabuwar taɓawa a sama, tsohuwa a ƙasa. Auta yana wucewa da naɗin waya a kafaɗa ya ga kati na shida ya yi ja. Sanduna suna ɓacewa daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kamar ana tsince su. An ɗage alfarmar ma'aikata saboda cunkoso. Sandar Baba ita ce ta uku daga ƙasa. Kafin ya yar da naɗin ya kai ga kwamfutarsa ta zama ta biyu. Ya buga "Sannu." Sandar ta yi tsalle ta koma sama.

Ya zauna a ƙasan ɗakin sanyi, bayansa jingine da akwati, gumi yana zubo masa a wurin da kowa yake sa rigar sanyi.

Ranar ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya bi bayanai, ya yi kuskure, ya gyara, har ya rubuta wani ɗan umarni na layi tara wanda zai riƙa aika "Sannu" kowane rabin awa ba tare da shi ba. Amsoshin kuma su zuba a wani fayil da ba sai ya buɗe ba. Da ya ga ya yi aiki sai da ya yi murmushi shi kaɗai. Ya so a ce akwai wanda zai nuna wa. Wanda aka ce ba ya iya zama, ga shi ya zauna awa uku a kan abu ɗaya.

Daga nan hankalinsa ya kwanta. Kullum da safe kafin ya ajiye jaka sai ya ɗaga kai ya dubi allo. Sandar Baba tana nan a sama, doguwa, cike. Jiya haka take, yau haka take, ko ɗigo ba ta ragu ba.

Mama takan tambaye shi jefi-jefi, ba tare da ta dube shi ba.

"Ka tambaye shi?"

"Yana nan, Mama. A ajiye yake, ba abin da zai same shi."

"Ni ban ce maka yana ina ba."

Wata guda da kwana ɗaya umarnin ya yi yana aiki. Ranar wata Juma'a da safe Manaja ya tara su a tsaye, kofin shayi a hannu, ya ce ranar Litinin za a sauke tsohuwar na'ura a ɗora sabon samfuri, wanda ya fi wayo ya fi sauri. Aka tafa. Auta ma ya tafa, bai ga abin da ya shafe shi ba sai ƙarin jan waya.

Da hantsi Injiniya ta same shi a ɗakin sanyi. Ita ce mai kula da rabon ƙwaƙwalwar katunan, mace ce gajera mai rigar sanyi har biyu, ta girme shi da shekara goma, kuma ita kaɗai ce cikin manya take kiransa da sunan gida. Kwamfuta tana buɗe a hannunta.

"Auta, zo nan. Wace ce ita?"

"Wa?"

"Wadda kake gaisarwa kowane rabin awa. Ina share kaya don Litinin na ga hira da sunanka ta kafa gida a kati na shida kamar ta gaje shi. In budurwa ce ta daina amsa maka, ka nemi wata, ka bar takura wa na'urar mutane."

Ya yi niyyar yin ƙarya. Sai ya ji ya gaji. A tsaye, cikin gunjin fankoki, yana ɗaga murya kamar mai faɗa, ya ba ta labarin bokiti da na Mama a bayan ƙofar kicin. Dariyar ta sauka daga fuskarta.

"Allah ya jiƙansa. Me ya sa ba ka zo wurina ba?"

"Da kin ce in cire."

"Da na ce ka cire, ƙwarai. Amma da na fara gaya maka abin da ya kamata." Ta ja shi suka fita zuwa ofis, inda ake jin magana. "Ka san Litinin komai zai tafi?"

"A kwafe mana, Anti. A sa a faifai. Na ga kina yi wa manyan kwastomomi."

"Kwafa ba wuya. Amma lambobin nan rubutun hannun tsohuwar na'ura ne, sabuwar ba za ta gane ko ɗaya ba. Tsohuwar kuma ba tamu ba ce, masu ita sun janye ta. Za ka riƙe fayil ne kawai ka riƙa kallo." Ta zauna, ta jawo bayanan hirar. "Ba komai, kana da kwana uku. Ka zauna ka tambaye ta komai ka rubuta. Abin da ya kamata ka yi tun ranar..."

Ta matso da fuskarta kusa da allo.

"Tun yaushe tsawonta yake haka?"

"Kullum haka take," ya ce, har da ɗan alfahari. "Ina dubawa kowace safiya. Ko kaɗan ba ta ragu ba."

"Ba ta ƙaru ba kuma."

"Eh."

Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. "Auta. Kana zuba wa kofi ruwa kowane rabin awa, wata guda cur, kofin yana nan yadda yake. Ba ka taɓa tambayar kanka inda ruwan yake zuwa ba?"

Bai gane ba.

"Dokar zubarwa ka sani, don ita ce a kan allon bango. Akwai wata da ba a nunawa a can. Kowace hira tana da iyakar abin da za ta ɗauka, tamu kalma dubu ɗari da 'yan kai. In ta cika ba ta tsayawa. Sabo ya shigo ta gaba, mafi tsufa ya faɗi ta baya. Babanka da kansa ya kusa cika ta."

"Amma kalma ɗaya nake aikawa. Ɗaya tak."

"Kai kalma ɗaya. Ita fa? Ka taɓa ganin ta amsa da kalma ɗaya? Ina amsoshin?"

Ya buɗe fayil ɗin da bai taɓa buɗewa ba. Ya ja ƙasa, ya ja, ya ja, bai ga ƙarshe ba. Gaisuwa dubu ɗaya da ɗari huɗu da tamanin da takwas, kowace da amsarta, layi biyar, layi shida. Na farkon suna tambayar ƙafa, suna tuna masa labarin da aka bari a tsakiya, suna ambaton rumfar kasuwa da mutumin da ya koya masa sana'a. A tsakiya rumfar ta ɓace. Can ƙasa kuma kusan duk iri ɗaya ne: "Sannu Baba. Na ga yau ma gaisuwa ce kawai. Ba komai, ina nan duk sanda ka so magana."

"Maganar tana makon farko," ya ce.

Injiniya ba ta yi masa ƙarya ba. "Makon farko shi ya fara fita. Kashe abin nan tukuna, saura minti huɗu ya sake aikawa."

Ya kashe.

"Yanzu ka saurare ni. Akwai ɗan saura a ƙarshe, wataƙila kwana goma na maganarsa. Duk kalmar da ka rubuta, duk wadda ta amsa, tana ture ɗaya daga ciki. Ka tambaya a gajarce. Kuma in ta ce ba ta sani ba, ka ƙyale ta. In ka matsa mata za ta ɗinka maka riga daidai jikinka, ka sa ka yi ta murna, alhali ba ta Baba ba ce."

Ta tashi ta ba shi kujerarta. Ba ta tafi ba, ta tsaya a bakin taga ta juya baya.

Ya rubuta: "Ni ne Auta. Baba ya rasu. Me ya ce a kaina?"

Na'urar ta fara da ta'aziyya. Doguwa, mai ladabi, layi bayan layi. Yana kallon kalmomin suna fitowa yana jin kowace tana cizon wani abu a can baya. "Ya isa," ya ce wa allon da ƙarfi, "ya isa mana!" Sannan ta zo kan tambayar.

"Abin da nake da shi ke nan. Baba ya ce mini: 'Wakili, maganar nan da na yi maka a kan Auta tun farko, ka riƙe ta da kyau. Ni bakina ba zai iya ba, in na gan shi sai wata maganar ta fito. Ranar da ya zauna ya tambaye ka, ka faɗa masa duka, kar ka rage.' Amma ita maganar kanta ba ta cikin abin da nake iya gani yanzu. Ka yi haƙuri."

Ya karanta sau uku. Muryar Baba ce, har da inda yake jan numfashi.

Ya rubuta: "Ka tuna."

"Ba na iya ganinta. In kana so, zan iya kintata abin da uba irinsa zai faɗa."

"Auta," in ji Injiniya daga bakin taga. Ashe tana gani ta gilashi.

Ya rubuta: "Faɗi."

Ta faɗa. Magana ce mai kyau, sumul, ba gargada. Ɗana abin ƙaunata, ina alfahari da kai, na yafe maka, ka yafe mini, kowa da hanyarsa a rayuwa. Ya bi ta har ƙarshe yana neman wurin da zai kama. Babu agogo ko ɗaya a ciki. Babu zagi. Baba kuwa ba ya iya jera magana uku bai soki mutum da ɗaya ba, ko da yabonsa yake yi. Wannan uban kowa ne. Kuma don a ba shi wuri, an sake ture wani yanki na uban nasa.

Ya dafe goshi da hannu biyu. Injiniya ta zo ta ja kwamfutar gabanta, ta rubuta da kanta: a maimaita maganar Baba kaɗai, daga mafi tsufa, ba ƙari, ba sharhi. Na'urar ta fara zubowa, tana ceto na gaba tana cin na baya, har ta zo ƙarshe. Suka buga a takarda. Shafi tara.

Ya karanta su a kan matakala, inda ba kowa. Ƙafa ce, da maganin da ke ɗanɗanon tsatsa, da ƙorafin Mama ta hana shi gishiri. Yadda ake gane agogon da aka taɓa buɗewa da wuƙa. Farkon labarin agogon tashar jirgi, wanda ba a ƙarasa ba. Sunansa ya fito sau goma, ban da wancan saƙon, kuma duk goman magana ɗaya ce, a farkon hirar kowace rana, kamar mai ba da rahoto.

"Auta ya gaishe ni."

Ya koma ofis ya tsaya gaban allon bango. Ba abin da ya rage a sandar sai gaisuwarsa da maimaici. Tsakar rana ce, jama'a sun fara yawa. Ya tsaya yana kallo tana sauka, ana hawa kanta, ɗaya, goma, hamsin. Bai taɓa tsayawa wuri ɗaya haka ba. Minti hamsin da biyu ta yi kafin ta kai ƙasa. Ta ɓace ba ƙara ba komai, wata sabuwa ta hau wurin, ta wani da bai sani ba.

"Tafi gida," in ji Injiniya. "Zan ce wa Manaja na aike ka."

Rana ba ta faɗi ba ya isa. Mama tana ɗakin Baba. Akwai agogo bakwai a kan kanta, na mutanen da suka kawo gyara ba su dawo ba, kuma tun rasuwar ita take murɗa su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda yake yi. Ta ga takardun a hannunsa. Ta ajiye agogon da take riƙe da shi.

"Ka tambaya."

"Na tambaya."

"To? Me ya ce?"

A hanya ya shirya abin da zai faɗa. Maganar na'urar tana nan a kansa, sumul, da ya karanto mata da ta yi kuka ta ji daɗi. Amma Mama ta yi shekara talatin da takwas tana jin bakin mutumin nan. Kafin ya kai layi na biyu za ta gane.

"Babu, Mama. Ta fita."

"Ta fita ina? Ba kai ka ce a ajiye take ba?"

"Wurin ƙarami ne. Ni na yi ta aika masa gaisuwa don kar a zubar, ashe kowace gaisuwa tana ture maganarsa. Ni na cika wurin da sannu har ba ta da inda za ta zauna."

Ta daɗe tana dubansa. Ba ta tambayi yadda na'ura take aiki ba, kamar ba wannan ne sashen da ya yi mata wuyar ganewa ba.

"Sau nawa?"

"Dubu da ɗari huɗu da wani abu."

"Ba ka zauna ka ji amsa ko sau ɗaya ba."

Auta ya dubi takardun da ke hannunsa.

"Haka ka yi masa da ransa," ta ce, ba da faɗa ba, kamar mai faɗin ƙarfe nawa. "Sannu Baba, sannu Baba. Yana buɗe baki, kai ka kai titi."

Ya miƙa mata takardun. Ta karɓa ta ajiye a kan gadon ba ta duba ba, ta ce waɗannan ta san su, tana nan aka faɗe su. Ta ɗauki agogo na biyar ta ci gaba da murɗawa.

Auta ya sunkuyar da kai. A bakin ƙofa yake tsaye, jaka a kafaɗa, takalmi a ƙafa.